Ranar da Buhunan Gyaɗa Suka Danne Ni

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata Juma'a a Bompai ta Kano ba, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Lokacin ina dako a wani siton gyaɗa, yayana kuma shi ne helumanmu, wato shugaban 'yan dako. A zamaninsa buhu yake saɓawa yana waƙa. Amma a wurinmu heluma ba ya taɓa buhu, zubar da girma ne. Sai ya samu kujera a inuwa, ya ajiye tumbi, ana ta cewa hutu ya karɓe shi.

Ran nan kowa ya tafi masallaci, saura ni da shi, ina ƙarasa jera layin ƙarshe. Ban ankara ba tulin buhunan ya zubo mini. Kaina kaɗai ya rage a waje.

"Yaya! Yaya, ƙirjina!"

Ya sheƙo, ya rungumi buhun da ke sama, ya ja. Ko gezau. Ya sake yunƙurawa, sai na ga ya durƙushe, hannu a ƙirji, yana haki. Wallahi nauyin bai ba ni tsoro kamar fuskarsa ba. Idan ya faɗi, babu mai jin ihuna sai an idar da salla, ni kuwa numfashina ƙarewa yake yi.

"Yi ta salati, ƙanena," ya ce da kyar. "Jikin ya ƙi."

Can sai ya rarrafo, ya zaro wuƙar yanke igiya, ya dinga farke buhunan. Gyaɗa ta yi ta kwararo mini a fuska, har cikin baki da hanci. Na shaƙe, idona ya rufe. Yana sharewa da hannu yana kuka, yana farke na gaba, har nauyin ya ragu na ja jikina na fito.

Da masu salla suka dawo, mu biyu suka tarar a kwance, suka rasa wa za su fara ɗauka. Ni haƙarƙarina ya warke. Shi bai ƙara komawa aiki ba.

Da na kai shekarunsa aka ba ni kujerar heluma, kullum da safe sai na yi dako da yara, a ƙafa kuma nake komawa gida a Hotoro. An yi mini dariya, ban kula ba. Na gane ƙarfi ba ya zaman jiran mutum. In ka daina motsa jiki zai tafi ba sallama, ba za ka sani ba sai ran da ɗan'uwanka yake kiran sunanka.