Tankari, Mai Duba Igiya Kafin Kare

Idan aka idar da sallar asuba a ɗakin da muke haya kusa da tashar jiragen ruwa ta Huangpu a ƙasar Sin, mu ’yan Kano sai mu koma cikin bargo, shi kuwa Tankari ya ɗora shayi. Ya sha, ya zura wata tsohuwar shuɗiyar riga da ya ware wa karnuka, ya cusa ta salla a leda, ya kama hanyar sito. Aikinsa lodi ne. Shi ke karɓar kwalayen jakunkunan da muke sayowa daga garin Shiling, ya tsaya a kansu har a rufe kwantena. Amma kafin motar farko ta iso, akwai masu jiransa a bakin ƙofa, kowa riƙe da karensa. Wajen 1998 ke nan, zamanin da tire ɗaya na tuwo ke isar duk Hausawan unguwarmu. Ina kewar kwanakin nan ƙwarai.

Tankari mutumin Maradi ne, ɗan mafarauta, cikin karnuka ya tashi. Masu gadin sitoci sun gane haka ran da ya raba faɗan wasu karnuka da fito kawai. Daga nan aka shiga kawo masa masu cizo da masu yaga kaya da waɗanda ba sa bari maƙwabta su runtsa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba ya fara duba kare. Hannun mai karen yake kallo.

“Zayyad, dubi igiyar,” ya ce da ni wata safiya. “Wanda ya bar ta tana lilo, wannan yana kwana lahiya lau. Wanda ya naɗe ta ga hannu har yatsu sunka yi fari, ya gaji, ko da dariya yake maka.”

Ma’auninsa ke nan. Sai ya karɓi igiyar, ya miƙa wa mutum shayi, ya ga ko zai iya shanyewa bai waiwayi karen ba. Sannan ya tambaye shi da guntun Sinancinsa, yaushe rabon da baƙo ya shiga ɗakinka? A nan ne wasu kan sunkuyar da kai, don mai karen da ke cizo ba wanda ke zuwa gaishe shi.

Mu kuwa tsiya muke masa. Babbanmu Alhaji Shitu ya raɗa masa Sarkin Karnukan Sin, kuma da zarar ya shigo sai ya ɗage dardumar salla ya ce, “Sarki, an dai yi wanka ko?” Tankari ya yi murmushi, ya nuna rigar da ya canja, ya shiga sahu.

Mai gadin sitonmu wani tsoho ne, Lao Chen, da ke kwana a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofa. Yana da baƙin kare mai suna Ahei, wanda asali na matarsa ne. Da ta rasu sai kare ya birkice. Haushi ba dare ba rana, ya yaga kwalaye, har ya kama wani lebura a ƙafa. Mai siton, wanda kowa ke kira laoban, ya yanke hukunci: ko kare ya bar wurin kafin jirgin kayanmu ya tashi, ko su tafi tare. Tsohon ba shi da wani gida, kuma cikin abin da matarsa ta bari, karen nan kaɗai ke numfashi.

Ina wurin ran da ya kawo wa Tankari karen. Igiyar ta ci fatar hannunsa, tsakaninsa da wuyan karen bai kai kamu ɗaya ba. Tankari ya tambaye shi barci. “Meiyou,” wato babu. Abinci fa? Ya ce a tsaye yake ci, in ya samu ya ci. Aka ba shi shayi, garin waiwayar karen ya zuba masa a wando.

“To,” in ji Tankari, “karen ga da sauƙi. Tsohon ne abin ji. Hirgitar da ke hannunshi ita ka bin igiya tana sauka ga wuyan kare. Sai ya yi kwana tukuna.”

To, ina zai kwanta inda ba zai ji haushin ba? Da hantsi sai ga Tankari ya shigo mana da tsoho ɗaki. Alhaji Shitu ya miƙe zumbur.

“Haba Tankari! Mai kare, a inda muke salla?”

“Alhaji, ba kare na kawo ba, baƙo ne. Ku mutanen Kano ba ku ne ke cewa baƙonka annabinka ba?”

Alhaji ya koma ya zauna yana jan carbi da ƙarfi. Lao Chen ya kwanta a katifar Tankari, ko takalmi bai gama cirewa ba barci ya kwashe shi. Mun yi azahar a gefensa, mun yi la’asar, bai motsa ba. Da idona na ga Alhaji ya tashi a hankali ya lulluɓe shi da bargonsa, ya harare ni don kada in yi magana.

Haka aka yi ta yi. Tsoho ya zo ya yi barci ya ci tuwo a zaune, Tankari ya riƙe masa gadi, a lokacin hutunsa kuma ya ja Ahei bakin kogi da doguwar igiya. Da ƙarfin tsohon ya dawo, sai ya mayar masa da igiyar, yana tafiya a gefensa. Duk sanda hannun ya fara naɗewa, sai ya ɗan taɓa shi ya ce da Hausa, “Saki.” Kalmar Hausa ɗaya ke nan da Lao Chen ya iya.

Ran da jirgi zai tashi laoban ya zo. Ya tarar da mai gadinsa zaune a benci yana cin shinkafa, igiya a ƙasa ya ɗora mata ƙafa, Ahei kwance yana kallon leburori suna wucewa. Ya tambayi makullin sito ya shige, bai ƙara ta da maganar kora ba. Ba zan ce kare ya zama waliyyi ba, har ya mutu bai daina yi wa babura haushi ba. Amma tsohon ya ci gaba da zama a ɗakinsa.

Tankari, kai ne ka ga gajiyar da mu ba mu gani ba. Mu cizon muke gani, kai kana ganin mutumin da ke ba da haƙuri kullum har ya manta da cikinsa. Kai ne ka sha gorin ’yan’uwanka ba ka rama ba, ka ba da katifarka ga wanda ba dangin iya ba na baba. Ɗan mafarauta, mai sanyin hannu.

Bana gwiwoyi sun ce ya isa, za ka koma Maradi. Da muka zo ɗaure maka kaya na ga ka zaro wata tsohuwar igiya, na gane ta nan take. Ka ce Lao Chen ne ya kawo maka ita bayan Ahei ya mutu, ya ɗora ta a tafinka a kwance, ba naɗi ko ɗaya. Da ita aka ɗaure jakarka, kuma Alhaji Shitu, da furfurarsa da komai, shi ya kama igiyar karen nan da hannunsa ya kai jakar mota, bai tambayi ko an wanke ba.

Mun gode, Tankari. Allah ya huta gajiyarka kamar yadda ka hutar da wasu, ya sada ka da iyalinka lafiya. Ku kuma masu karatu, in kuka ga maƙwabci yana fama da dabbar da ta fi ƙarfinsa, kafin ku ce ya rabu da ita ku dubi hannunsa, ku tambaye shi yaushe rabonsa da barci, ku shimfiɗa masa tabarma.