Goggo Kwalba da Baƙin Man Suya

Shekara ashirin da bakwai ta yi tana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen wata makarantar sakandare, shi ya sa har jikokinta Goggo Kwalba suke ce mata. Malaman kimiyya goma sha ɗaya suka zo suka wuce a gabanta, kowanne da farar rigarsa da hura hancinsa, ba wanda ya taɓa tambayarta ko tana gane abin da ake yi. Ita kuwa hannu na cikin kumfa, kunne na wajen allo. Ranar da ta yi ritaya aka ba ta agogon bango, ya tsaya tun a hanya.

Sati biyu suka yi ita da maigidanta suna kallon juna, har suka fara faɗa a kan wanda ya fi wani tari. Wata safiya kwatar layinsu ta toshe, ƙazanta ta malalo har ƙofarta. Ta bi sawu, ta tarar da mai gidan abincin bakin titi yana tuttula baƙin man suya a ciki.

"Kai ɗan nan, ba ka tsoron Allah? Juye mini a jarka."

"Goggo, wannan ko kare ba ya lasa. Me za ki yi da shi?"

"Mota zan ba ta sha."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya juye.

Ta taɓa ganin wani malami ya gwada mayar da irin man nan dizal a gaban ɗalibai, abin ya ƙi, ya ɗora wa kwalabenta laifi. Don haka ta watso tarkacen maigida daga ɗakin ajiya, ta kafa tukunya da durom. Ta tace man da singiletinsa ba tare da ta tambaye shi ba, ta narka soda a cikin mitanol, wani ruwa mai kama da giya da ake saya a shagon sinadarai, ta zuba, ta yi ta juyawa. Washegari ta buɗe durom ta tarar da sabulu, taf, mai ƙarnin kifi.

"To, Farfesa," in ji maigida daga bakin ƙofa, "a tanki ake sawa, ko wanka za a yi wa motar?"

Ta gane ruwa ne ya ɓuya a cikin man. Karo na biyu sai da ta dafa shi har ya daina tartsatsi, ta sa safar hannu, ta wangale taga, sannan ta sake zuba haɗin soda da mitanol. Ya kwana ya rabu biyu, kauri a ƙasa, na sama garau kamar shayi. Ta wanke na saman da ruwa sau uku, ta bar shi ya tsane.

Saura wanda zai gwada. Mijin autarta direban wata tsohuwar motar kaya ne, ta aika a kira shi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya leƙa jarkar.

"Inna, injin nan fa shi ke ci da mu."

"Ni da na ba ka 'yata, gwada ka na yi?"

Ya zuba yana salati. Motar ta yi tari biyu ta tashi, layin gaba ɗaya ya ɗauki ƙamshin suya. A tasha direbobi suka sa wa motarsa suna Kicin, 'yan dako kuma suka ce lodinta na sa su yunwa.

Kwana goma sha biyu sai ga shi a ƙasa, fuska a murtuke, motar ta mutu a kan gada. Goggo ta yafa mayafi ta bi shi wajen makanike. Aka ciro matatar mai, ta cushe da baƙin datti.

"Man Goggo lafiya lau," in ji makanike. "Dauɗar tankinka ya wanko. Yaushe rabonka da canja wannan?"

Surukin ya shiga sosa ƙeya.

Yanzu gidajen abinci biyar ke tara mata mai, motoci huɗu da injin ban-ruwa guda ke sha a wurinta, kuma direban da bai gaishe ta da kyau ba sai ya dawo gobe. Maigida ya kafa kujera a ƙofar ɗakin ajiya, yana gaya wa baƙi cewa asalin shawarar tasa ce.

Bara wasu 'yan ƙungiyar kare muhalli suka zo da kyamara. Wata mai tabarau ta tambaye ta yaya take ji da take ceton duniya.

"Bayana ke ciwo," in ji Goggo. "Ke kuma, 'yar nan, ɗaga ƙafarki, kin taka mini tiyo."