Wayata a Aljihun Makiyayi

Edita, ni tela ne a Birnin Gwari, karatuna bai wuce firamare ba. A lokacin da abin nan ya faru ni mutum ne mai yawan waswasi. Ko ƙyalle ya ragu daga yadin mutum sai na ninke na mayar masa, in ba haka ba hankalina ba ya kwanciya. Na faɗi wannan ne don a san irin wanda ya aikata abin da zan bayyana.

Ƙanina da ke aiki a Kaduna ne ya sa ni a wata gasar tattaki ta waya. Akwai wani gida da ake kula da yaran da likitoci suka ce ciwonsu ba na warkewa ba ne, a can 'yar ƙanin nawa ta yi watanninta na ƙarshe. Tsarin shi ne kowa ya yi tafiya ko gudu a inda yake, manhajar waya ta auna nisan, masu hali kuma su ba gidan kuɗi a kan kowace kilomita. Na yi alkawarin kilomita ɗari cikin wata guda. To ni wuni nake a kan keken ɗinki, kuma a garinmu wa zai fita bayan gari motsa jiki, ga mutanen daji? Bayan sati biyu, ko kilomita ashirin ban kai ba. Kullum ana jera sunaye a zauren wayar, nawa can ƙasa, kunya kamar in nutse.

Akwai wani dattijo Bafulatani da nake wa ɗinki, yana kiwo a dajin bayan garinmu. Na roƙe shi ya riƙa jefa wayata a aljihu in zai fita da shanu, ya dawo mini da ita da yamma. Ya yi dariya, ya tambaye ni ko ita ma ciyawa take ci. Na ce masa Baffa, aikin lada ne na yara marasa lafiya. Ya ce in dai na yara ne in kawo. Ban gaya masa manhajar tana zana taswirar duk inda aka taka ba. Cikin kwana biyar sunana ya hau sama. Ƙanina ya kira ni yana kuka, wai Yaya ya fitar da shi kunya. Na amsa masa, ban gaya masa gaskiya ba.

Rana ta shida 'yan sa-kai suka tare dattijon a bakin daji. Suka ga babbar waya a jikin wanda bai san yadda ake latsa ta ba, suka buɗe suka ga hanyoyin daji a zane, suka ce mai kai wa ɓarayi rahoto ne. Ya yi ta cewa ta Tela ce, a kira Tela. Da azahar labari ya iso shagona, kuma abin da nake ƙyamar kaina a kai shi ne ban tashi ba. Na zauna ina tsoron a haɗa da ni, ina tsoron ƙaryata ta fito, har na ƙarasa hannun wata riga. Sai bayan la'asar na je da mai unguwa na yi bayani. Kafin nan sun fasa masa baki, sun karya masa yatsu biyu. Da aka sake shi bai zage ni ba. Ya miƙo mini wayar da hannun hagu, ya tambaya ko yaran sun samu abin nasu.

Na sanar a zauren cewa a soke tafiyar, ba tawa ba ce. Wasu suka ce in bar tone-tone tunda yara ne za su amfana, wani har da dariya ya ce shi ma ɗan acaba yake ba tasa. Tir da mu, mun mayar da jinyar yara wurin neman yabo. Dattijon kuwa damina na wucewa ya tashi da iyalinsa, ban san inda ya nufa ba.

Na koyi cewa tsantseni a kan ƙananan abubuwa ba ya hana mutum faɗawa babba idan yana son a ce da shi madalla. Mai karatu, in ka shiga aikin taimako ka ba da abin da ƙafarka ta iya, ko taku goma ne. Kuma in an kama wani saboda kai, ka tashi a lokacin. Ni na tashi, amma sai da aka gama karya shi.