Haruna Maɗinki, Wanda Ya Koya Mini Mutuwa

Shekara takwas ke nan da muka kai Haruna Maɗinki makwancinsa, a maƙabartar bayan ƙauyenmu, can kusa da Wad Haddad. Da girbin dawa na ƙirga, don ni lissafin wata ba ya zama a kaina. Haruna taubashina ne, ɗan kawuna, kuma yayan matata Hauwa. Sunana Isa, amma tun muna yawo ba wando Bawa yake kirana, har ranar da ya rufe ido. Karatuna bai yi nisa ba, malamin allo ya gaji da ni kafin in gaji da shi, saboda haka mai karatu ya yi haƙuri da yadda maganar za ta zo. Da ban rubuta ba, amma akwai abin da ya same ni a cikin yaƙin nan wanda in ban faɗa ba, na ci amanar mamaci.

Kakanninmu da ƙafa suka zo daga ƙasar Sakkwato, suna nufin Makka, suka yada zango a bakin kogi, zangon ya zama gida. Ba su zo da dukiya ba, sai labaran yaƙe-yaƙen da, da wani sulke guda ɗaya da tsatsa ta ci kafaɗarsa. Daga labaran nan aka samo wasan lifidi. Kowace shekara in an gama girbi, sai mazan gari su rabu biyu a filin da ke bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu, su sa kayan yaƙi irin na kakanni, su kara da juna a ƙasa, mata suna guɗa daga kan tudu. Ba mu da dawaki. Wanda ya taɓa gwada shiga da jaki, jakin ya kai shi cikin ruwa.

Haruna ne mai kayan, shi ne kuma alƙalin fili. Lifidi rigar yaƙi ce mai kauri, ƙyalle biyu da auduga a tsakani, a ɗinke layi-layi. Da audugar gonarsa yake cusawa, Hauwa tana taya shi tun tana budurwa, yana sa yatsa a kowane layi ya ji ko akwai inda ya yi sirara. Kwalkwali ƙwarya ce da ya lulluɓe da ƙyalle, ya shimfiɗa auduga a ciki. Garkuwa fatar sa. Sulken wasa kuwa tsohon tarun masunta ne da ya rina baƙi, daga nesa sai ka rantse ƙarfe ne. Takobi na icen tumfafiya ne, mara nauyi, tsawonsa bai wuce hannun mai shi daga kafaɗa zuwa yatsa ba, a naɗe bakinsa da tsumma a tsoma a bula irin ta wanki.

Dokarsa ta farko: ƙarfe ba ya shiga fili. Ko sulken kakanni, a kan turke ake rataye shi a gefe, ya yi kallo kamar kowa. Haruna yana da wani mayen ƙarfe da ya ciro daga lasifikar tsohuwar rediyo, ya ɗaure da igiya. Kafin a buga ganga sai ya bi kowa da shi daga wuya har idon sawu. Ya taɓa kama askar aski a ɗamarar wani, ya taɓa kama makullin akwati, ni kuma ya kama ni da cokalin shayi da na cusa a lifidi don kawai in ga fuskarsa. Ba a duka sama da wuya, ba a duka ƙasa da gwiwa, ba a zuwa wa mutum ta baya. Mutum biyu da ke gaba da juna a gari ba ya barinsu su fuskanci juna, sai ya sa su ɓangare ɗaya, su sha haushi tare.

Babbar dokar ita ce ta mutuwa. Duk wanda bula ta taɓa ƙirjinsa ya mutu. Zai faɗi inda yake, ya kifa fuska, ba motsi, ba magana, ko an daina ganga ba zai tashi ba, sai Haruna ya zo ya bugi dunduniyarsa sau uku da sanda. A nan ni da shi muke raba gari. Ni ba na iya mutuwa. A buga mini bula, in faɗi da kyau har mata su yi salati, ƙura na lafawa in miƙe in goge ƙirji da yawu in koma ciki. Wani lokaci ina kwance in kama ƙafar mai wucewa. Shekara da shekaru yana haƙuri da ni.

Wata shekara haƙurin ya ƙare. Aka tashi wasa bayan azahar, ya tayar da kowa ya bar ni.

"Bawa, kai yau za ka mutu mutuwar da kaka gudu shekara goma," in ji shi. "Kwanta."

Na kwanta ina dariya. Rana a tsaye, lifidi kamar tanda. Ya jawo kujera ya zauna a inuwa, ya ce in na motsa, a sake daga farko. Tururuwa ta shiga wandona, na sosa.

"Gawa ba ta susa. Daga farko."

Ya turo wani ya zo ya ce an yafe mini, in tashi. Na ɗaga kai. Daga farko. Sai ya turo Hauwa, matata ta sunna, da kwanon abinci, ta durƙusa kusa da kunnena ta ce, "Malam, tashi mana, Yaya ya tafi masallaci." Na buɗe ido ɗaya. Ga shi tsaye a kaina da sanda.

"Ka ji wanga shashasha," ya ce. "Duk wanda ya ce ma tashi da baki, ba ni ba ne. Ko uwarka ta dawo daga kabari ta ce tashi, kada ka tashi. Ka saki jikinka kamar buhu, ka bar bakinka a buɗe, numfashi ta ciki, kaɗan-kaɗan. Ka jira dunduniya."

Sai da aka kira la'asar na samu bugu uku. Na yi kwana biyu ba na yi masa magana, Hauwa kuma sai da na yi kwana uku ban kula ta ba.

Ina yawan tunanin abin da Haruna zai ce da ya ga shekarun nan. Allah ya ɗauke shi kafin yaƙi ya iso mana, ina ganin rahama ce. Mutumin da cokali ya hana shi sakewa, ina zai sa kansa a ƙasar da ƙarfe ke rataye a kafaɗar kowane saurayi? Da ya zaga da mayen ƙarfensa a kasuwa, igiyar ce za ta tsinke.

Ranar da masu bindiga suka shigo mana, da hantsi ne. Na fita da jakina zan buɗe ruwa a gona, muka haɗu da Usman Dogo, maƙwabcina, muna tafe muna hira. Usman shi ne zakaran wasan lifidi a zamaninmu. Shekara ashirin yana shiga fili, bula ba ta taɓa ganin ƙirjinsa ba. Mun kai daidai filin wasa ke nan muka ji motoci, kafin mu waiwaya harbi ya tashi. Mutane suna gudu daga gari zuwa gonaki, ana harbi a bayansu. Jakina ya yi wani irin kuka ya faɗi, ya haɗa da ni. Jininsa ya wanke mini jallabiya daga ƙirji har cinya. Usman ya zube a kwarin kunya, taku kaɗan daga inda nake. Na ji yana cewa a hankali, "Isa, ba su same ni ba. Kai fa?"

Ban amsa ba. Ba dabara ba ce, tsoro ne. Wata mota ta tsaya a kan tudun da mata suke guɗa. Na ji an diro, na ji takalma suna tahowa, suna tsayawa, suna tahowa. A cikin wannan tsoro, wallahi ba kalmar shahada ce ta fara zo mini ba, Allah ya yafe mini. Muryar Haruna ce. Kamar buhu, Bawa. Na saki wuya, na bar bakina a buɗe, ƙasa ta shiga.

Su biyu ne. Ɗaya ya ɗaga murya da Larabci, murya mai taushi kamar ta mai sayar da shayi: "Gum, gum ya hajj." Wato tashi. Ya ce sun san akwai masu rai a cikinmu, duk wanda ya tashi ba abin da zai same shi, tambaya kawai za su yi. Ya sake faɗa. Ya rantse da Allah.

Jikina duk ya yarda da shi. Gwiwata tana so ta lanƙwashe, hannuna yana so ya dafa ƙasa. Ina jin zuciyata tana dukan ƙasa, ina cewa a raina yanzu za su ji ta. Ƙudaje sun taru a jinin jaki, ɗaya ya shiga hancina. Takalmi ya zo ya tsaya dab da kunnena, ina jin warin roba da man bindiga. Ya sa ƙafa ya ture kafaɗata, na bi ƙafar na dawo kamar kayan wanki. Na yi fitsari a kwance, ban ma san na yi ba sai da na ji ɗumi.

Sai na ji motsi daga kwarin kunya. Na ji Usman yana cewa da Larabcinsa mai kyau, shi manomi ne, ba shi da komai, ga hannuwansa. Ba zan rubuta abin da ya biyo baya ba. Sau ɗaya ne. Mutumin da ba a taɓa kayar da shi ba, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa kwanciya. Ni da aka yi wa dariya a gaban gari, ni aka koya wa.

Motar ta tafi, ko kuwa na ji kamar ta tafi. Ban yarda ba. Rana ta hau tsakiya, ta gasa mini ƙeya. Na ji an yi shiru, na ji kukan mata daga nesa, na ji an kira sunaye. Ban motsa ba. Ina cewa wataƙila sun bar ɗaya a bayan tudu yana jira. Inuwar jakin ta zagayo daga wannan gefe zuwa wancan, ina ganinta ta ƙasan fatar ido.

Can wajen la'asar na ji takun da na sani, takun silifa mai jan ƙafar hagu. Hauwa ce. Ta ga jaki, ta ga jini, ta saki salati ta zube a kaina.

"Malam! Malam Isa! Tashi, sun tafi! Don girman Allah tashi!"

Ina jinta sarai. Hawayenta yana sauka a wuyana. Amma ta taɓa ce mini Yaya ya tafi masallaci. Abin da ke kaina shi ne, sun kamo ta, bindiga tana bayanta, sun ce ta kira. In na tashi mu biyu ne. Ta girgiza ni, na bi hannunta kamar buhu. Ta fara kiran mutane su zo su ɗauki gawa.

Sai ta daina kira. Daga baya ta gaya mini wai ƙuda ta gani ya sauka a kunnena, kunnen ya ɗan girgiza. Na ji ta miƙe. Na ji ta karya karan dawa a gefen gona. Ta zagayo ta ƙafafuna, ta cire mini takalmi, ta ce, "Bawa." Ba ta taɓa kirana da sunan nan ba, kafin ranar ko bayanta. Ta bugi dunduniyata. Ɗaya. Biyu. Uku.

Na tashi zaune ina kuka kamar jariri, tsoho da furfura, jiƙe da jinin jaki da fitsarin kansa.

Mun bar gari a ranar, mun daɗe a wurin dangi kafin mu dawo. Akwatin kayan wasa da Haruna ya bar mini mun tarar an fasa, an farke lifidi an watsar da auduga, ana neman abin da ba ya ciki. Sulken kakanni ya tafi. Mayen ƙarfen kawai na samu, manne a bayan ƙofar kwano, inda ba wanda ya duba. Yanzu mazan gari suna maganar a dawo da wasa bayan girbi, har suna cewa ni zan riƙe sanda, ni da aka fi sani da ha'inci. Ban karɓa ba tukuna. Tsoro nake ji. Haruna yana hana masu gaba fuskantar juna, yanzu wa zan raba da wa? Kuma ban san ko zan iya tsayawa a filin nan in ga mutane kwance da fuska a ƙasa ba, ko da bula ce a ƙirjinsu. Har yau in mota ta tsaya a ƙofar gida, wuyana sakin kansa yake.

In an tambaye ni abin da ya rage na Haruna, ɗinkinsa ya yage, keken ɗinkin an ɗauke, ganga ta fashe. Abin da ya rage shi ne tsohon banzan nan da ke numfashi yana ba ku labari, don wata rana taubashinsa ya ƙi yi masa sassauci. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Usman, ya sa suna inuwa.

Na riga na yi wa Hauwa wasiyya. Ranar da ta ga na kwanta ban amsa kira ba, kada ta yarda a ɗora ruwan wanka sai ta samo kara ta gwada dunduniya sau uku. Ta harare ni ta ce in daina saɓo. Amma na lura akwai wani karan dawa da ta jingine a bayan gado, kuma in tana shara ba ta taɓa fitar da shi.