Malama Asibi da Tiren Yashinta

Da ƙarfe bakwai na safe, lokacin da yaran unguwa ke rige-rigen tafiya firamare, Malama Asibi kan fito da tire a kanta. Baƙo sai ya ɗauka ƙosai take talla. Yashi ne a ciki, da 'yan duwatsu, da shuɗin zare, da kwalayen ashana. Gidaje bakwai take zagawa, inda ake ajiye yaran da ciwo ya hana su makaranta, wasu kuma kunyar iyaye ce ta hana su. Shekara tara ke nan tana yi, tun da ta bar koyarwa a 1970, kuma ba wanda ya sa ta.

In ta sauke tiren, sai ta gina garin nan a gaban yaro. Zare ya zama kogin Iku, kwalin ashana ya zama kasuwa, babban dutse ya zama Zuma. Sai tambayoyi su biyo: wa ke kawo nono, wa ke gina tukwane, me ya sa ake gaida mai unguwa, ta ina hanyar Kaduna ta bi. Kowane yaro yana da alamar gidansa a cikin yashin, don haka duk sun san juna ba su taɓa haɗuwa ba.

Na san wannan domin ɗana Ishaku yana cikinsu. Shan inna ta kama shi yana shekara uku, ni kuwa na ɓoye shi a ƙuryar ɗaki kamar tsohuwar tabarma. Ranar da ta fara sallama, korar ta na yi.

Na ce, "Malama, me gurgu zai yi da hanyar Kaduna?"

Ta ce, "Malam Bamalli, ƙafarsa ce ta shanye. Hankalinsa lafiya lau."

Washegari ta dawo kamar ban ce komai ba. Har yau in na tuna, sai kunya ta kama ni.

Ƙwayar wake ce alamar gidanmu. Jan maɓalli kuma gidan su Adaobi ne, 'yar wani ɗan kasuwa Emeka, wadda ke fama da amosanin jini. Kullum Ishaku sai ya matsar da waken kusa da maɓallin ya ce ya je gaishe ta. Da aka ce sunan garinmu ya tashi daga Abuja ya koma Suleja, ni babba na kasa ganewa, shi ne ya yi mini bayani. Ya ce, "Baba, suna kawai suka ɗauka. Ga Zuma nan, ga mu nan."

Da damina zazzaɓi ya ɗauke shi. Malama ta zo ta'aziyya, na ce ta cire waken. Ta ce ba za ta iya ba, Adaobi na duba shi kullum.

Malama Asibi, ke ce kika shiga ɗakunan da mu iyaye muka rufe. Ke ce kika sa ɗana ya rasu yana sane da cewa ɗan gari ne, ba kayan ɓoyo ba. Uwar marasa fita, Allah ya saka miki da alheri.

Yanzu yanar ido ta hana Malama gani. Ba ta iya tsallaka titi saboda manyan motoci, tiren kuwa mako uku yana ƙarƙashin gado. Yara shida suna zaune suna sauraron sallamar da ba ta zuwa. Na je na roƙe ta, ta koya mini shirya duwatsun da lalube, tana yi mini dariya don na sa kasuwa a tsakiyar kogi.

Ni zan ɗauki Litinin da Talata. Sauran ranakun suna jiran mai tausayi, malami ne ko tela irina, a same ni a shagona. Zan fara da gidan su Adaobi. Ban san abin da zan ce mata ba, amma waken yana nan inda Ishaku ya bar shi, kusa da maɓallinta.