Ƙugiyar Malam Ɗahiru

Bana shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Malam Ɗahiru makwancinsa a Rano. Da na so in yi shiru in bar shi da addu'a, sai ga katin gayyata daga birni, wai za a karrama shi. Da na duba sunayen masu gayyar sai dariya ta kama ni, irin wadda ba ta da daɗi.

Malamin makaranta ne, ni kuwa ina da shagon buga takardu a Kibiya. Yana cikin masu haɗa wata manhajar rubuta Hausa a kwamfuta, kyauta, cikinta a buɗe, duk mai iyawa ya shiga ya gyara. Ana saura mako guda a sake ta ga jama'a ya ba ni in gwada. Lokacin kotunan Shari'a sun cika da mutane, sai na buga wa wata mata bayanin da za ta kai gaban alƙali. Ta ce maganar maƙwabciyarta "ƙarya ce". Na adana, na buɗe, na tarar da "karya ce". Manhajar ta cinye ƙugiyar kowane harafi. Da takardar nan ta isa kotu, da baiwar Allah ta amsa laifin zagin da ba ta yi ba.

Na hau babur na kai masa. Bai tsaya jimami ba, ya kira gayya kamar yadda ake yi in gona ta fi ƙarfin mai ita. Ya aika wa duk wanda sunansa ke cikin aikin, ya ari ɗaki da janareta, Hajiya Rabi matarsa ta yi dambu. Ya rubuta kurakuran a allo, ya ce, "Kowa ya ɗauki kunyarsa, kada ya ɗago sai ya kai ƙarshenta."

Manyan sun zo kam, cikin shadda mai ƙamshi. Suka ci dambu, suka tsaya bayan kwamfuta aka ɗauke su hoto. Babbansu, wanda ake ce wa Injiniya, ya goge baki ya ce, "Malam, a sake ta haka nan. Wa ya damu da ƙugiya? Bahaushe ai zai gane."

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, alƙali abin da ke takarda yake karantawa."

Kafin la'asar motocinsu sun kama hanyar Kano. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mu huɗu muka rage: shi, ni, wani malamin lissafi daga Rurum, da wata ɗalibar jami'a 'yar garin Saji da ta fi duk masu shaddar nan sanin aikin. Su suna gyara, ni ina bugawa ina gwadawa. Kwana biyar muna yi, sai ga ƙ da ɗ da ɓ sun zauna daram. Manhajar ta fita ranar da aka sa.

Yau Injiniya ne ke hawa mumbari yana ba da labarin yadda ya ceto haruffan Hausa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Nakan tambayi kaina me Malam zai ce. Na san shi, cewa zai yi, "Bar su, tunda abin yana aiki." Shi ke da wannan haƙurin, ni Allah bai ba ni ba. Kunyar da ya raba musu ran nan, a gonar suka bar ta, har yau ba wanda ya koma ya ɗauka.

Abin da ya rage nasa ba ya bukatar taronsu. Duk yarinyar da ta rubuta "ɗaki" ya fito ɗaki, lada na isa kabarinsa. Ni dai ba zan je ba. Katin yana gabana, da ruwan zinare, an rubuta: "Taron tunawa da Malam Dahiru." Ko a sunansa ba su iya sa ƙugiyar ba.

Allah Ya jiƙan Malam Ɗahiru.