Wawan Fim Ɗin Tafasa Ruwa

Na daɗe ina ganin wulaƙanci ne yadda Baba, maƙwabcina a unguwar Abbey Wood ta Landan, ya fito a tsoffin finafinan wayar da kai na Turawa: kullum shi ne wawan da ke shan ruwa ba tafasawa. Wata rana yana kurɓar shayinsa mai citta, na faɗa masa haka.

Ya ce, "Malam, wa ya tuna mai hankalin da ke tafasa nasa ruwan a fim ɗin? Ni aka yi wa dariya, aka koma gida aka tafasa ruwa. Nemo min fim ɗin in gani."

Shekara biyu ina jan ƙafa. Haushin kaina nake ji. Allah ya jiƙansa, ya yafe min. Sai bayan jana'izarsa na rubuta wa ma'adanar finafinai, suka aiko da fim ɗin cikin mako guda.